Sukuwa da Zamiya: Daga Ƙofar Kaura zuwa Tsaunukan Alps



Duk lokacin da gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo, mukan ji masu karanta labarai da Hausa suna cewa ana wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Yawancinmu mukan ji mu wuce, tunda ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a waya. Amma kalmar zamiya ba baƙuwa ba ce a Katsina. Tun kafin ta zama sunan wasan Turawa, mahayanmu sun san ta: mutum ya saki doki a sukwane, sai ya zo daf da inda zai tsaya ya ja linzami, dokin ya tattaro ƙafafunsa na baya ya zame a kan rairayi, ƙura ta turnuƙe. A wannan mako za mu bi tarihin zamiyar nan guda biyu, ta ƙasa da ta ƙanƙara, domin duka biyun labari ne na gwaninta mai wuyar koyo wadda zamani ya kusa barinta a baya, ta rayu a hannun mutane ƙalilan.

Mu fara daga gida. Wanda ya tsaya a Ƙofar Kaura yau, motoci da babura da Keke Napep zai gani, da masu shiga gari da masu fita. Sunan ƙofar kuwa sunan sarautar yaƙi ne. A tsohuwar daular Katsina, Kaura shi ne babban jagoran mayaƙa, kuma har yau Kauran Katsina, wanda ke hakimci a Rimi, yana cikin masu zaɓen sarki tare da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Ƙarfin rundunar da Kaura ke ja kuwa a kan doki ya dogara.

Barade iri biyu ne. Akwai masu sauƙin kaya, waɗanda ke kai hari da sauri su juyo. Akwai kuma 'yan lifidi, waɗanda aka lulluɓe su da dawakinsu da rigar auduga mai kauri don tare kibiya, wasu da sulke a ciki da kwalkwali a ka. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali da zamanin Sarkin Kano Kanajeji, a ƙarshen ƙarni na 14 zuwa farkon na 15, wato kayan nan sun yi shekaru ɗaruruwa a ƙasar Hausa.

Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi shi ne, kowane kayan doki da dalilinsa. Sirdinmu na gargajiya yana da kwacciya mai tsawo gaba da baya, don idan doki ya tsaya cak ko mashi ya daki abokin gaba, kada mahayi ya zube. Ana shimfiɗa zubka a ƙarƙashinsa don kada katako ya ji wa bayan doki ciwo, a ɗaure da majayi ta ƙarƙashin ciki. Wangami likkafa ce mai faɗi wadda ke ɗaukar tafin ƙafa gaba ɗaya, mutum ya miƙe tsaye a kanta ya yi sara ko suka, gefenta kuma ya taɓa doki da shi. Linzamin ƙarfe ne mai tsanani, ja kaɗan ya isar da saƙo. Shi ya sa zamiya ke yiwuwa, shi ya sa kuma hannun da bai iya ba yakan fasa bakin doki. Su jalala da ɗauki-saka da sauran kayan ado a saman waɗannan suke zuwa.

Ƙasar da ake hawa a kanta ma tana da hukunci. Yawanci da rani ake fita yaƙi, bayan an kawar da amfanin gona, rafuka sun janye, ga harawa da gero na ciyar da dawaki. A jigawa doki yakan zame lafiya amma ya gaji da wuri. A tsandauri yakan yi gudu amma kofato ya sha wuya. Da damina laka takan riƙe ƙafa, fadama ta zama tarko ga mai lifidi. Idan aka nausa kudu cikin kurmi kuma, ƙudan tsando ya kashe dawakin tun kafin a ga abokan gaba.

Doki bai taɓa zama tabbacin nasara ba. A Tabkin Kwatto, cikin watan Yunin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifidi, amma jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, suka rinjaye su. Bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafu a Maraɗi da sarautunsa, har da ta Kaura. Kusan duk tsawon ƙarni na 19 hare-haren dawaki ba su yanke ba tsakanin ɓangarorin biyu, musamman zamanin Ɗan Baskore. A wancan lokaci iya juya doki a ƙanƙanin wuri shi ne bambancin komawa gida da kwana a daji.

Shekarar 1903 ta rufe wannan babi. A watan Fabrairu Turawan Ingila suka ci Kano, kuma a Kwatarkwashi baraden Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa sojojin da ba su kai su yawa ba, bindiga ta yi ta zubar da su, Wazirin ya rasu a wurin. A watan Maris Sakkwato ta faɗi. Katsina ba a gwabza ba, Lugga ya shigo aka yi sulhu. Daga nan lifidi da mashi ba su da sauran aiki a fagen fama.

Da gwanintar hawa ta mutu daga nan, da ba abin mamaki ba ne. Hanyoyi biyu suka raya ta. Ta farko ita ce hawan sallah. Abin da barade ke yi don nuna wa sarki cewa a shirye suke, shi ya zama jafi: ayari ya taho a sukwane, ya yi zamiya a gaban sarki, a ɗaga hannu a yi jinjina. A Katsina muna ganin wannan a filin Kangiwa gaban Ƙofar Soro, washegari kuma a yi Hawan Bariki. Turawa ma sun ga amfanin abin, suka riƙa tara sarakuna da dawakinsu don manyan baƙi, kamar hawan da aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. An sake babban hawan daba a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977, kuma a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Hanya ta biyu ita ce ƙwallon dawaki, wato Polo, kuma a nan Katsina ce kan gaba. Turawan Ingila sun koyo wasan a Manipur ta ƙasar Indiya a tsakiyar ƙarni na 19, suka kawo shi Legas inda aka kafa kulob a 1904. Muhammadu Dikko, wanda yake Durɓin Katsina kafin a naɗa shi sarki a 1906, mutum ne mai son dawaki kuma mai son ganin duniya. A 1921 ya je Ingila ya kuma sauke farali a Makka. A shekarun 1920 ya kafa wasan a Katsina, ya sa 'ya'yansa da fadawansa a ciki. Cikin 'ya'yan nan Usman Nagogo ya yi fice. A Polo ana auna gwanintar ɗan wasa da maki daga ƙasa da sifili da biyu har zuwa 10, Nagogo ya kai 7, matsayin da har yau ake ambatonsa da shi. 'Yan wasan Katsina sun sha ɗaukar Kofin Georgian, wanda ake bugawa tun 1919. Nagogo ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, kuma 'ya'yansa, irin su Janar Hassan Usman Katsina da Sarki Muhammadu Kabir Usman, sun ci gaba da wasan.

Polo ya canza kayan hawa. Sirdinsa shimfiɗaɗɗe ne mara kwacciya mai tsawo, domin ɗan wasa yana bukatar ya karkata har ya kusa taɓa ƙasa. Likkafarsa ƙarama ce. Takalmin dogo ne na fata mai kauri har gwiwa, da makarin gwiwa da hular kwano. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare, sanda a hannun dama, fili mai tsawon yadi 300, kowane zango minti 7, ana sauya doki saboda gajiya. Amma asalin gwanintar bai canza ba: a tsayar da doki daga gudu, a juya shi, a sake sakinsa, duk da nauyin jiki da matsin ƙafa. Haka nan dole a duba fili, domin busasshe ƙarau yana cin ƙafafun doki, jiƙaƙƙe kuma yana sa santsi a wurin juyawa.

Yanzu mu ɗauki waɗannan abubuwa uku, wato ƙafa da abin da ta taka da ƙasar da ake tafiya a kai, mu tafi da su ƙasashen sanyi, inda ɗaya zamiyar take.

Wasan da Turawa ke kira snowboard, mu ce allon zamiya, yaro ne idan aka gwada shi da doki. A 1965 wani mutum mai suna Sherman Poppen a garin Muskegon na jihar Michigan a Amurka ya haɗe katakan zamiya biyu wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa, abin ya shiga kasuwa da sunan Snurfer. A 1977 Jake Burton Carpenter ya fara ƙera alluna a jihar Vermont, Tom Sims kuma yana nasa a California. Allunan farko don dusa mai laushi aka yi su, ana hawansu da takalman sanyi na yau da kullum, kuma wuraren wasa da yawa sun hana su shiga.

Da allon ya ƙetara Turai a shekarun 1980, ya tarar da tsaunukan Alps na Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya, inda gangara ke da tsayi, dusa kuma takan daskare ta yi tauri. Mutanen wurin sun saba da tseren katakan zamiya biyu, don haka suka sa wa allon abin da suka sani: bakin ƙarfe mai kaifi a gefe da gefe, da takalmin roba mai tauri wanda ke kama ƙafa har ƙwauri, da farantin da ke maƙale takalmin da sandunan ƙarfe ta gaba da ta dunduniya. Allon ya ƙara tsawo ya tsuke. Na tsere yakan kai kimanin santimita 180, ƙugunsa kuma wajen santimita 20, alhali na wasan tsalle yakan kai 25. Saboda tsukewar, mahayi ba ya tsayawa a gicciye, yakan karkata ƙafafunsa su fuskanci gaba da kamar digiri 50 zuwa 60, don kada yatsu ko dunduniya su leƙo su taɓa dusa.

A nan ne kalmarmu ta zamiya ta gaza, kuma muna so mu tsaya kaɗan a kai. Ɗan koyo idan zai juya, yakan ture bayan allon gefe ya kankare dusa, gudunsa ya ragu, ya bar sawu mai faɗi kamar an yi shara. Wannan zamiya ce sosai, 'yar uwar ta doki. Gwani mai takalmi mai tauri kuwa gudun wannan yake yi. Yakan kifa allon a kan bakinsa ɗaya. Gefen allon ba miƙaƙƙe ba ne, a ɗan lanƙwashe yake ciki kamar baka, don haka idan nauyin mutum ya danna tsakiya sai allon ya tanƙwaru, bakin ƙarfen ya shiga dusa ya zana da'ira da kansa. Bayan allon yana bin daidai inda gabansa ya bi, sawun da ya rage siriri ne kamar an ja wuƙa a kan tuwo. Idan gudu ya yi yawa mahayi yakan kwanta har hannunsa ko ƙugunsa ya shafi ƙasa, irin kwanciyar da aka san Bafaranshe Serge Vitelli da ita. Wannan yanka ne. Marubucin da ya kira duka biyun zamiya ya shafe bambancin ɗan koyo da gwani.

Aikin takalmi mai tauri a nan shi ne aikin wangami da linzamin ƙarfe a wurinmu. Ba ya barin motsi ya ɓata a hanya, duk abin da ƙwauri ya yi bakin allo zai ji nan take. Kuskure ma haka yake isa nan take. Shi ya sa koyonsa ke da wuya, ga tafiya da shi a ƙasa ba daɗi.

Su ma suna karanta ƙasa kamar yadda barade ke yi. Abin da suka fi so shi ne dusar da mota mai sarƙa ta daddaɓe cikin dare ta bar ta da ƙananan kunyoyi, a fito da sassafe tun tana da ƙarfi. Idan ta zama ƙanƙara zalla, sai bakin allo ya sha wasi kafin ya kama. Idan rana ta yi ta narke ta zama caɓi, hancin allon na iya nutsewa ya wurgar da mutum. Sabuwar dusa mai zurfi, wadda sauran 'yan wasa ke murna da ita, ba ta dace da siririn allo ba. Suna kuma bukatar fili mai faɗi mara cunkoso, domin mai yanka yana ratsa gangara daga wannan gefe zuwa wancan a guje, wanda ke tahowa daga sama bai cika tsammaninsa ba.

A 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan. Ross Rebagliati na Kanada da Karine Ruby ta Faransa suka ci zinare a tseren zagaye tutoci, su biyun da takalmi mai tauri. Shigar ba ta zo da daɗin kowa ba: Terje Haakonsen na Norway, gwanin tsalle na lokacin, ya ƙi zuwa don an miƙa ragamar wasan ga hukumar masu katakan zamiya biyu. Daga 2002 aka mayar da tseren na mutum biyu kafaɗa da kafaɗa, wanda ya riga isa ya wuce zagaye na gaba. Philipp Schoch na Suwizalan ya ci a 2002, ya sake ci a 2006 bayan ya kayar da wansa Simon a karon ƙarshe. A 2018 a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, Ester Ledecká ta Jamhuriyar Cek ta ci zinare a tseren katakan zamiya biyu da ratar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, bayan mako guda ta sake cin wani a kan allo. A wannan gasa ce Nijeriya ta fara halartar Olamfik ta hunturu, da Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a tseren amalanken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo a nata fannin.

Sai dai yayin da ake raba lambobin nan, kasuwa ta riga ta juya baya. Tun cikin shekarun 1990 matasa suka karkata ga takalmi mai taushi da tsalle-tsalle, domin ya fi sauƙin koyo ya kuma fi kyau a hoto. Manyan kamfanoni suka rage ƙera kayan yanka, shaguna suka daina ajiye su. Abin ya koma hannun 'yan tsere da tsirarun masoya da ƙananan maƙera, irin su Kessler a Suwizalan da SG na tsohon ɗan tsere Sigi Grabner a Ostiriya. Wanda ya san dukawa da maƙeran da ke yi wa masu hawan sallah sirdi da linzami da likkafa, ya san irin wannan zama: sana'a tana nan, masu ita kaɗan ne, kuma sunayen kayan a bakinsu suke.

To, ina ruwanmu a ciki? Ruwanmu shi ne, kullum muna rubutu da kayan doki ba tare da mun san su ba. Mukan ce wane ya riƙe ragamar mulki, gwamnati ta ƙara ƙaimi, likkafar wance ta ci gaba, a ja wa yara linzami, ko linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Mu nawa ne za mu iya bambance ragama da linzami idan aka ajiye mana su? Mun sha karanta labaran sarauta, har da waɗanda mu kanmu muka rubuta, inda yarima zai hau "wani haɗaɗɗen doki da ya sha ado" ya tafi, shi ke nan. Ba mu ji ko akawal ne ko kili ko danda ba, ba mu ji ko taƙama yake ko sassarfa ba, ba mu san ko rairayi yake takawa ko laka ba. Mai karatun da ya taso a gidan dawaki zai gane nan da nan cewa marubucin bai taɓa tsayawa kusa da turke ba. Wanda bai taso a can ba kuwa an hana shi kalmomin da ya kamata ya gada. Idan dattawan da ke riƙe da su suka tafi ba mu rubuta ba, jikokinmu za su riƙa cewa an ƙara ƙaimi ba su san ƙarfe ne da ake ɗaurawa a dunduniya ba.

Haka kuma idan za mu rubuta abin da ke nesa da mu, kamar wasan ƙanƙara, ba sai mun cika shafi da Turanci ba. Idan muka fahimci yadda abin ke aiki, za mu tarar Hausa tana da baki da kaifi da wasi da yanka da santsi da caɓi, duk suna jiran a yi aiki da su.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi mai kiwon doki ko baduku ko maƙeri a garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙi a nuna masa kayan hawa ɗaya bayan ɗaya, da sunan kowanne da amfaninsa. Sannan ya rubuta abin da bai wuce kalma 300 ba a kan mahayi guda da ya taho a sukwane ya yi zamiya, a faɗa mana irin dokin da irin ƙasar da abin da hannu da ƙafa suka yi. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Sakkwato da Zazzau, idan sunan wani abu ya bambanta a wajenku ku kawo mana, mu haɗa mu ajiye.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun ji daga gare ku.